Wai da gaske Obama ya taɓa zama sanatan jiha?

Ɗan Kasuwa: Jama'a barkanmu. Jiya muna shan shayi wani ya ce Obama sanatan jiha ne kafin ya je Washington. Na ce masa jiha ba ta da sanata, 'yan majalisa kawai. Mun yi ta musu har mai shayi ya tashi. Wa ya fi gaskiya?

Malamin Tarihi: Abokin naka ne da gaskiya, Alhaji. A Amurka kowace jiha majalisa biyu gare ta, in ban da Nebraska. Obama ya shiga majalisar dattawan jihar Illinois a 1997, yana wakiltar kudancin Chicago, ya zauna har 2004.

Yaya Babba: Kuma ya sha ƙasa fa! A 2000 ya nemi kujerar majalisar wakilai ta tarayya, Bobby Rush, wanda ke riƙe da kujerar a lokacin, ya kayar da shi warwas a zaɓen fidda gwani. Ya koma kujerarsa, a 2003 ya jagoranci dokar da ta wajabta ɗaukar bidiyon tambayoyin da 'yan sanda ke yi wa waɗanda ake zargi da kisan kai. Ni wannan ta fi burge ni kan jawabin da ya yi a babban taron jam'iyyar Democrat a Boston a 2004.

Ɗan Kasuwa: To, shayin gobe a kaina yake.