Yarona ya tsinci hawainiya: mu riƙe ta ko mu sake ta?

Maman Sadiƙ:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ranar Lahadi aka sare bishiyar da ke bayan katangarmu, sai yarona mai shekara 11 ya tsinci hawainiya a cikin rassan da suka zube. Ya sa ta a kwali. Da ya kawo ta koriya ce shar, yau kwana huɗu ta yi duhu kamar an goga mata gawayi. Ya kamo mata fara, ko kallo ba ta yi ba, ruwan da ya zuba mata a murfin kwalba ma yana nan yadda yake. Cikinta a kumbure, kuma tun jiya take kartar ƙasan kwalin. Shi ya kafe sai an yi mata keji, ni kuma ina tsoron ɗaukar alhaki. In sakin ta za mu yi, ina za mu kai ta, tunda bishiyarta babu?

Abu Hanif:
Wa alaikumus salam. Hajiya a mayar da ita bishiyar da aka same ta, shi ke nan.

Ummi 'Yar Baba:
Anti ki raba yaron nan da ita tun kafin ta cije shi, an ce dafi gare ta.

Malam Tanimu:
Ummi, hawainiya ba ta da dafi. In aka takura mata takan wangale baki, ta yi huci, wani lokaci ta ciza, iyakarta ke nan. A dai wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta. Duhun da ta yi kuwa alamar firgita ce ko sanyi. Da sanyin safiya sukan yi duhu don su zuƙi zafin rana, da dare in suna barci su yi fari-fari. Kuma ba ta san ruwan kwano ba, raɓa da ɗigon ruwan da ke kan ganye take lasa. A sa mata reshe mai ganye a yayyafa masa ruwa.

Kabiru Mai Zane:
Kwalin ne ya sa ta duhu, launinsa ta kwaikwaya. Ku ɗora ta kan talabijin a kunna ƙwallo, mu ga ƙungiyar da za ta goya wa baya.

Malam Tanimu:
Kabiru ka ba ni dariya, amma ba kwaikwayon wuri take yi ba. A shekarar 2015 masu bincike na Jami'ar Geneva a Suwizalan sun nuna cewa a fatar wata hawainiyar Madagaska akwai ƙananan ƙwayoyi masu sheƙi a jere. In tana kwance a rai sukan matsu, sai a ga kore. In namiji ya hango ɗan uwansa ko mace sai su ware, launin ya koma rawaya ko ja. Magana ce suke yi wa juna da fata.

Baban Ilham:
Hajiya, don Allah ki karanta nawa. Na riƙe hawainiya wata bakwai, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Akwatin gilas na sa ta, na ajiye kusa da taga, ina ganin ai rana na shiga. Ashe gilas yana tare hasken da jikinta ke bukata kafin ƙashi ya yi ƙarfi. Watannin farko lafiya lau, ina tsayawa ina kallon yadda take harba harshe, tsawonsa ya fi na jikinta, kafin ka kifta ido gyare ya ɓace. Sai na lura tana zamewa daga reshe. Ƙafafun gaba suka lanƙwashe. Haɓarta ta yi laushi, ta harba harshe ya kasa kaiwa. Na kai ta wurin wani likitan dabbobi, ya juya ta ya ce shi bai taɓa duba irinta ba, ya ba ni maganin tsutsar ciki. Sati biyu ina ɗura mata ruwa da sirinji. Ranar da ta mutu 'yata ta wuni ba ta ci abinci ba. Abin da ya fi ci mini rai, dabbar nan ba ta kuka, ba ta ƙara. Wata da watanni tana wahala a gabana ni ban sani ba.

Abu Hanif:
Allah sarki. Amma Baban Ilham ai kwananta ne ya ƙare, dama ba sa wuce shekara guda.

Sani Lambu:
Wa ya ce? Akwai wadda na yi shekara uku ina ganinta a bishiya ɗaya, na gane ta da guntun jelarta, don tasu ba ta tsirowa kamar ta ƙadangare. Kuma riƙonta ba wani kashe kuɗi ba ne, kejin raga a waje, rana kyauta, fara kyauta.

Baban Ilham:
Kyauta a ina? Fitila ta musamman da ake sauyawa duk wata shida, da garin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi da ake barbaɗa wa ƙwarin da za ta ci, da feshin ruwa safe da yamma. Da rani a ina yaro zai samo fara kullum?

Malam Tanimu:
Batun shekaru ya danganta da iri, sun haura iri 200, kusan rabinsu a Madagaska. A can akwai wadda ke wata takwas zuwa tara a cikin ƙwai, ta fito ta rayu wata huɗu ko biyar kawai. Wasu kuma suna haura shekara biyar.

Sani Lambu:
Malam, da girmamawa, kai a littafi ka san ta. Ni shekara ashirin ina cin karo da su a cikin shuka.

Malam Tanimu:
Ban raina saninka ba Malam Sani, amma ganin ta a bishiya daban, ciyar da ita a keji daban. A nan maganar Baban Ilham ta fi tawa da taka nauyi.

Hauwa Jidda:
Kuna ta jayayya, babu wanda ya kula da kumburin ciki da kartar ƙasa. Yaya, ina kyautata zaton ƙwai ne a cikinta. Macen takan sauko ta haƙa rami a ƙasa mai danshi ta zuba, ta rufe ta tafi. In ba ta samu wurin haƙa ba ƙwan na iya maƙalewa ya kashe ta. Tamu da muka tsinta haka ta yi, muka kai ta gindin wata bishiya mai duhuwa, washegari muka tarar da ita rabin jiki a rami.

Sani Lambu:
To ko an sake ta, me za ta ci? Da can da dare in na haska tocila sai in ƙirga biyar, shida a kan rassa suna barci. Tunda maƙwabtana suka fara feshin maganin ƙwari duk sati, bana ɗaya na gani, ita ma a mace a ƙasa.

Ummi 'Yar Baba:
Mu ma haka, har zuma sun daina zuwa. Kuma da iska suke feshin, ya shigo har kan shanyarmu.

Maman Sadiƙ:
Na gode Hauwa, na zuba mata ƙasa mai danshi a bokiti, ta fara tonawa. Amma in bar ta ta gama a nan, ko in ɗauke ta yanzu? Yaron kuma me zan ce masa?

Abu Hanif:
Malam Sani, wane irin magani suke fesawa? Namu na bana ko tsutsa ba ya kashewa.