Ƙuri'ar wanda ya faɗi zaɓe, ina take zuwa?

Malam na Fagge: Salamu alaikum jama'a. Bari in ƙarasa maganar da na faro jiya bayan Isha'i. Tsarin nan na wanda ya fi ƙuri'a ya kwashe komai shi ne tushen rigimar zaɓenmu. Mutum ya samu kashi 40 cikin ɗari, biyu su raba 60, mai 40 ya tafi Abuja, sauran ƙuri'un sun bi ruwa. A raba kujerun majalisa gwargwadon ƙuri'un kowace jam'iyya. Kano kujera 24 gare ta a Majalisar Wakilai. Jam'iyyar da ta samu rubu'in ƙuri'un jiha ta ɗauki shida.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya gafarta, wa zai rubuta sunayen mutum shidan? Uban jam'iyya ne zai zauna a falonsa ya jera surukansa da yaransa. Yanzu ko ba komai na san gidan ɗan majalisarmu. Da taransifomarmu ta ƙone mu bakwai muka yi masa sammako, muka zauna a kan benci har ya fito. Ya ja mu wata biyu, amma dai mun samu ƙofar bugawa. In jerin suna ne, ƙofar wa zan buga?

Anti ta Gwale: Ni 2019 ce ba ta fita raina. Kowa ya tuna inkwankulusib, wato zaɓen gwamnan Kano da aka ce bai kammalu ba, da abin da aka gani a mazaɓar Gama. Ganduje da Abba kowanne ya haura miliyan ɗaya, tazarar ba ta kai dubu tara ba. Tun asuba nake layi da goyo a bayana. Muddin faɗuwa na nufin ka tashi a tutar babu, 'yan daba ba za su rasa aiki ba.

Ɗan Kwari: Anti, ai kujerar gwamna ɗaya ce, ba ta rabuwa. Maganar Malam ba ta taɓa wannan ba.

Malam na Fagge: Gaskiyarka a nan. Amma Majalisar Dokokin jiha kujera 40 ce, in an raba ta da adalci babu gwamnan da zai sa ta a aljihu. Kuma ba ni na ƙirƙiro ba. Marigayi 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin Mai Shari'a Uwais a 2007, suka miƙa rahoto a Disambar 2008. Sun ce a bar mazaɓu yadda suke, a ƙaro wasu kujerun da za a raba bisa yawan ƙuri'u. Ka ga bencinka na nan, ba wanda ya ɗauke.

Baba Alhaji: Yara, ku bi a hankali. Mun ga 1981, majalisar NPN ta tsige Balarabe Musa na PRP a Kaduna. Majalisa da gwamna in ba sa ga maciji, talaka ne a ƙasa. Isra'ila da ke bin tsarin rabon kujerun nan sau biyar ta yi zaɓe daga 2019 zuwa 2022.

Malam na Fagge: Allah ya ƙara girma Baba, amma Balarabe a tsarinmu na yanzu aka tsige shi. Dubi Afirka ta Kudu a 2024: jam'iyyar ANC ta samu kusan kashi 40, kujera 159 cikin 400, dole ta nemi abokan adawa aka kafa gwamnati tare. A Jamus ƙuri'a biyu kake jefawa, ɗaya ta mutumin mazaɓarka, ɗaya ta jam'iyya.

Anti ta Gwale: Abin da ke damuna, gyaran tsarin mulkin sai majalisun jihohi 24 sun amince, kuma waɗanda za su ɗaga hannun, tsarin nan na yanzu ne ya kai su.

Ɗan Kwari: Malam, ga sharaɗina. A sa sunaye da hotuna a takardar, ni da yatsana in dangwala wa wanda nake so a cikin jerin. In deliget ne za su ci gaba da sayar da tikiti a otal da daddare, ban sa hannu ba.