Me za mu kira ski da Hausa?

1/ Assalamu alaikum jama'a. Kwana uku ke nan muna ja-in-ja a zaurenmu na ɗaliban Hausawa da ke Faransa a kan kalma guda, har an fara jin haushin juna, shi ya sa na kawo maganar nan fili. Muna shirya tafiyar mako guda zuwa tsaunukan Alf a watan Janairu, mu goma sha biyu, ta jirgin ƙasa, da kuɗin karo-karo. Aka ce ni zan rubuta sanarwa da Hausa. Layin farko na maƙale: za mu je mu yi me?

2/ Ga wanda bai taɓa gani ba: dogayen abubuwa ne guda biyu, sirara, faɗin kowanne bai wuce tafin hannu ba, tsawonsa kuma ya kusa kai tsayin mutum. A sa wani takalmi mai tauri kamar an zuba ƙafa a siminti, a danna shi a kansu ya ce ƙas, a riƙe sanda biyu, sai a gangaro daga kan tsauni bisa dusar ƙanƙara. Da abin da aka taka da wasan kansa duk ski Turawa ke cewa.

3/ Wanda ya fara magana cewa ya yi a bar wahalar da kai, a ce siki. Yana da hujja. Harshenmu ba ya son baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma, sai ya cusa wasali a tsakani, kamar yadda aka samu sikeli da siket da sukudireba. Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ce in dai haka ne su nasu lasiki ne, tunda da "la" ɗinta suka ɗauko lakwal, wato makaranta, daga Faransanci. Aka yi dariya.

Ba na ƙin aro. Mota da keke da rediyo duk aro ne, sun zauna daram. Amma mota ta shigo gari ne kowa ya gan ta da idonsa, sunan ya manne a jikinta. Wannan abin kuwa yawancin masu jin Hausa ba su taɓa ganinsa ba. Ka ce wa mutumin Gumel siki, ba abin da zai faɗo masa a rai sai siliki ko siket. Kalmar da za ta yi mana aiki ita ce wadda ke ɗauke da hotonta.

4/ Kuma magabata sun nuna mana hanya. Dubi "dusar ƙanƙara" kanta. Wanda ya ƙirƙiro ta ya san ƙanƙarar da ke zubowa da damina, ya san dusar da ake samu in an surfa hatsi, ya haɗa su. Ranar da na fara damƙar abin a hannuna, yana wargajewa ta tsakanin yatsu, na ce lallai mutumin nan ya iya magana. Haka jirgi: na ruwa muka sani, da Bature ya kawo dogo aka ce jirgin ƙasa, da na sama ya zo aka ce jirgin sama.

5/ To sai shawarwari suka fara zubowa. Wata 'yar'uwa ta ce "gudun ƙanƙara". Matsalar, ba gudu ake ba, ƙafa ba ta ɗaguwa. Wani ya ce "santsi", amma santsi halin wurin ne, ba aikin mutum ba. Wani Bakano ya ce "sukuwar dusa", kuma wallahi ta burge ni, don wanda ya ga gwanaye suna gangarowa, dusa na tashi a bayansu kamar ƙurar dawaki ranar hawan daushe, zai gane abin da yake nufi. Sai dai ta dace da gwanaye ne kaɗai. Mu da za mu yi kwana biyu muna rarrafe a gindin tsauni, in muka ce sukuwa muka je, mun yi ƙarya.

6/ Kalmar da ta rage a tsaye ita ce zamiya. Ba mu muka fara ba, masu fassara labaran wasanni kan ce "wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara". Kuma duk wanda ya tashi a garin da ke da duwatsu ya san yaran da ke zama kan kwali ko fasasshiyar jarka su zamo daga saman fa, wando ya huje, a sha duka a gida.

Ni ne ma na fara kawo mata cikas, saboda abin da ya same ni bara. Zuwana na farko ke nan, na kira mahaifiyata da daddare na ce, "Inna, yau mun wuni muna zamewa a kan dutse." Sai na ji salati. "Ka zame? A kan dutse? Ina ka bugu? Wa ya aike ka?" Na yi ta rantsuwa cewa da gangan ne, har biya muka yi. Ta yi shiru, can ta ce, "Kuɗi kuka ba su don ku faɗi?" Gaskiya a ranar ba ta yi kuskure ba, na faɗi ya fi a ƙirga.

7/ Wani dattijo a zauren, tsohon malamin makaranta da ya zo duba 'yarsa, shi ya warware wannan. Ya ce, "Ɗana, laifin bakinka ne, kalmar ba ta da laifi. Wanda ya nutse daban, wanda ya yi nutso daban." Na ce ranka ya daɗe, an gama. Na zame, tsautsayi ne. Na yi zamiya, wasa ne. Da na ce wa Inna zamiya muka yi, da ba ta kwana da fargaba ba.

8/ Saura tsawon sunan. "Wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara" kalma shida ce, ba mai faɗin ta sau biyu a hira. Ga kuma wani wasan daban da ake yi da takalmi mai ƙarfe kamar kaifin wuƙa a kan daskararren ruwa, a fili shimfiɗaɗɗe. Shawarata: wancan ya zama zamiyar ƙanƙara, namu na tsauni ya zama zamiyar dusa. Bakanon nan ya ce shi in ya ji zamiyar dusa, akuya yake gani ta faɗa buhu. Na yarda da farko za ta ba da dariya. Amma ƙwallon kwando ma ai ba a kwandon tumatir ake jefawa ba, kuma kunne ya saba.

9/ Yanzu abin da ake takawa. Nan ne na fi jin daɗi. Asalin kalmar ski daga tsohon harshen mutanen Nowe take, kuma ma'anarta itacen da aka tsaga. Wato faskare! Su ma ba wani dogon tunani suka yi ba, sun dubi abin suka kira shi da sunan itacen girki. Har yau ma mutanen Nowe "shi" suke furtawa.

Saboda haka na ce mu ma mu ce faskare. An ƙalubalance ni cewa na zamani ba zallan itace ba ne, akwai roba da zaren gilashi, ga ƙarfe a gefe don ya kama dusa in ta daskare. Haka ne, amma cikin yawancinsu har yanzu itace ne. Wani ya kawo "mazami", a kan tsarin mabuɗi da masassabi. Ta yi kyau a baki, amma a rubuce ba ka bambance abin takawa da mai takawa, tunda ba ma rubuta karin sauti. Faskare kuwa har da riba: ranar farko, da ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma, ba abin da na ce sai faskaren nan ya faskare ni.

10/ Sauran ba su ba mu wahala ba. Mai yi, ɗan zamiya ko 'yar zamiya. Sanduna, sandunan zamiya. Faffaɗan katako guda da ake tsayawa a kai a karkace, allon zamiya. Kujerun da ke rataye a waya suna hawa da mutane, kujerar lilo. Katin da ake saya don hawanta, wanda shi ne ke cinye kuɗin tafiya bayan masauki, katin hawa. Hanyoyin gangarowa a Faransa launi huɗu ne, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani: kore, shuɗi, ja, baƙi. Sai mu ce koren gangare, baƙin gangare.

Akwai tsayuwar da ake fara koya wa baƙo don rage gudu: a haɗa kawunan faskare a gaba, a ware su a baya, gwiwoyi su dubi juna. Faransawa na kiranta da sunan motar share dusa. Na ce garma, wata 'yar Zariya ta ce a'a, gwame. Duk wanda ya taɓa yi ya san ita ta ci.

11/ Wani ya tambaya, cikin gatse, wa zai yi amfani da waɗannan kalmomi a ƙasar da sanyinta bai wuce hunturun Jos ba. Amsa: mai karanta labarai. An fara gasar Olamfik ta hunturu a Shamoni, nan Faransa, a 1924. Lamine Guèye na Senegal ya shiga ta Sarayebo a 1984, Kwame Nkrumah-Acheampong na Gana ya shiga ta Bankuba a 2010, Samuel Ikpefan kuma ya wakilci Najeriya a Beijin a 2022. Nasa ma ba gangarowa ba ne, doguwar tafiya ce kan faskare, hawa da sauka, wadda zan kira zamiyar dogon zango. A Afirka ma ana yi, a Ukaimedan kusa da Marakesh a Maroko, da kuma tsaunukan Lesoto.

12/ Ga masu tambayar yadda ɗalibi zai iya wannan tafiya: dabara ce. Tsakiyar Janairu za mu je, bayan cunkoson sabuwar shekara, kafin hutun makarantu na Fabrairu ya ɗaga farashin komai. Tikitin rukuni daga mutum goma yake farawa, shi ya sa muka yi ta lallashin mutane har muka cika. Jirgin TGV daga tashar Gar da Liyon a Paris ya bi ta Shamberi da Albabil, garin da ya karɓi Olamfik a 1992, har Bourg-Saint-Maurice inda dogo ya ƙare, wajen awa biyar. Daga bakin tashar akwai ƙaramin jirgi da waya ke ja, cikin minti bakwai ya kai ka Arc 1600, wurin zamiyar da ke kan tsauni. Ba hayar mota, ba ɗaura wa taya sarƙa. Gida biyu za mu kama daga Asabar zuwa Asabar, faskare da takalmi haya, rigunan sanyi aro, girki namu. An riga an naɗa mai ɗauko kuka da daddawa.

(Wannan ƙaramin jirgin ma ba mu sa masa suna ba. Ni jirgin guga nake ce masa, don ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Wannan rigimar wata rana ce.)

13/ Ga layin farkon sanarwar, kamar yadda na tura wa zaure ɗazu:

"'Yan'uwa, za mu tafi zamiyar dusa mako guda a tsaunukan Alf, ta jirgin ƙasa. Kuɗin ya haɗa da masauki, hayar faskare da katin hawa. Wanda bai taɓa yi ba kada ya ji tsoro, da gwame za a fara, a koren gangare."

Mutum tara sun amince, biyu ba su ce komai ba, ɗan Maraɗi ya ce shi har abada lasiki zai je. Na karanta wa Inna a waya, ba ta yi salati ba. Abin da kawai ta tambaya shi ne, faskaren nan in mun gama da shi, mayarwa ake yi?