Neman shawara: Kulob ya riƙe albashin ƙanena na wata 3, yana kuma matsa masa ya sa hannu a takardar rabuwa

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon a ɓoye sunana, domin maganar ba tawa ce ni kaɗai ba. Ƙanena ɗan ƙwallo ne mai shekara 23, yana buga wa wani kulob wasa a ƙasar waje a kan kwantiragin shekara 2, saura wata 14 ya ƙare. Yau wata 3 ke nan ba a biya shi albashi ba. Tun da ya fara tambayar haƙƙinsa koci ya ware shi daga cikin 'yan wasa, aka ce ya riƙa zuwa da sassafe yana zagaye fili shi kaɗai, ya tafi kafin sauran su iso. Makon jiya sakataren kulob ya kira shi ofis, ya ajiye masa takarda mai shafi ɗaya da harshen ƙasar, wanda ba ya iya karantawa, ya ce idan ya sa hannu za a ba shi albashin wata ɗaya da tikitin jirgi, kowa ya kama gabansa. Wakilin da ya kai shi can yana ta ce masa ya sa hannu, wai akwai wani kulob da ke son sa. Sannan wani ɓangare na kuɗinsa ta wata yarjejeniya daban ake biya, tsakaninsa da wani kamfani na shugaban kulob, da sunan ladan amfani da hotonsa a talla, shi ma ya tsaya. Yaron nan ya gaji, yana cewa zai tattara kayansa ya taho. Ni ce yayarsa, ni yake kira kullum, kuma ba na son in ba shi shawarar da za ta cutar da shi. Ya taho ne, ya sa hannu ne, ko akwai inda ake kai ƙarar irin wannan?

Abu Sadik:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. A ganina ya karɓi abin da suka ba shi ya tafi inda ake son sa. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma ɗan wasa shekarunsa ne jarinsa. Idan ya tsaya shari'a da masu kuɗi a ƙasarsu, kakar wasa za ta wuce shi yana zaune.

Barista mai shari'ar wasanni:

'Yar'uwa, kafin komai ki kira shi yau ki gaya masa abu biyu: kada ya sa hannu a wannan takarda, kada kuma ya bar garin. A halin da ake ciki shi ne mai gaskiya, kuma ɗayan waɗannan biyun kaɗai ya isa ya raba shi da haƙƙinsa.

Tun da shi baƙo ne a ƙasar da kulob ɗin yake, rigimar tana ƙarƙashin dokokin FIFA na matsayin 'yan wasa da musayarsu. A shekarar 2018 aka ƙara wani sashe mai suna 14bis saboda irin wannan matsala. Ya tanadi cewa idan kulob ya ƙi biyan albashin aƙalla wata 2 a ranakun da ya kamata, ɗan wasa yana da hujjar soke kwantiraginsa, amma da sharaɗi: sai ya fara rubuta wa kulob takardar gargaɗi, ya ba shi wa'adin da bai gaza kwana 15 ba ya biya duka. Wannan takarda ita ce ginshiƙin shari'ar baki ɗaya. Saƙon murya da ya tura wa koci ko ƙorafin da ya yi wa sakatare a ofis ba su tsaya a madadinta ba. A rubuta ta a fili, a jera watannin da ake bin bashi da adadin kowane wata, a sa kwanan wata, a tura ta adireshin imel na kulob da ke cikin kwantiragi, a kuma ajiye shaidar turawa. A cikinta ya nemi a mayar da shi atisaye tare da sauran 'yan wasa, domin sashe na 14 ya ɗauki gallazawar da ake yi don a tilasta wa mutum ajiye kwantiragi a matsayin hujja mai zaman kanta.

Idan wa'adin ya cika ba su biya ba, sai ya sake rubuta musu cewa ya soke kwantiragin, sannan ya shigar da ƙara a sashen warware rigingimu na kotun ƙwallon ƙafa ta FIFA, wadda aka kafa a 2021. Ta intanet ake shigarwa, da Ingilishi ko Faransanci ko Sifaniyanci, kuma ɗan wasa ba ya biyan kuɗin shigar da ƙara. Yana da shekara 2 daga ranar da abin ya faru, bayan haka ba za a saurare shi ba. Abin da zai nema shi ne albashin da aka riƙe masa da kuma diyyar ragowar kwantiragin. Idan ya samu sabon kulob, za a cire abin da zai samu a can na tsawon wannan lokaci, a ƙara masa albashin wata 3 tun da rashin biya ne ya jawo rabuwar, amma jimillar ba za ta wuce darajar ragowar kwantiragin ba. Ki kwatanta wannan da wata ɗaya da tikiti.

Idan kuwa ya taho ba tare da bin waɗannan matakai ba, kulob ne zai riga shi kai ƙara cewa ya gudu daga aiki. Wanda ya sa hannu a kwantiragi kafin ya cika shekara 28 yana cikin lokacin kariya na kaka 3 ko shekara 3, kuma karya kwantiragi a cikinsa ba da hujja ba kan jawo diyya da dakatarwar wata 4.

Tsohon ɗan wasa:

Abin da Barista ya faɗa game da takardar nan gaskiya ne, na gani da idona. Wani abokin wasanmu an kira shi ofis an ƙirga masa kuɗi a hannu, aka ce ya sa hannu a rasit. Layi na ƙarshe na wannan rasit yana cewa ya karɓi duk haƙƙoƙinsa kuma ba ya bin kulob komai. Da aka je shari'a wannan layi aka ɗaga, kuma cewa bai iya harshen ba bai fisshe shi ba, domin ana ɗauka duk wanda ya sa hannu ya san abin da ya sa wa hannu. Ki ce wa ƙaninki ya ɗauki hoton takardar ya turo a fassara masa. Atisayen sassafen nan kuma, duk da zafinsa, kada ya fasa ko sau ɗaya. Ya riƙa ɗaukar ɗan gajeren bidiyo a filin kullum, yadda za a ga ranar da kuma cewa shi kaɗai ne. Ya kuma nemi ƙungiyar 'yan wasa ta ƙasar idan tana cikin FIFPRO, wato gamayyar ƙungiyoyin 'yan ƙwallo ta duniya, domin suna da lauyoyin da aikinsu ke nan.

Ummu Nabila:

'Yar'uwa, Allah Ya kawo masa mafita. Ni a sashen kula da ma'aikata nake aiki, ba a harkar ƙwallo ba, amma salon ɗaya ne a ko'ina. Mai aikin da yake son rabuwa da ma'aikaci ba tare da biyansa ba yakan ƙuntata masa har ya daina zuwa, sannan ya rubuta masa takardar tuhuma kan rashin zuwa aiki. Saboda haka duk takardar da suka ba shi ya amsa ta a rubuce cikin ladabi, kada ya yi zagi a waya, kada kuma ya fita kafafen sada zumunta yana ɓata sunan kulob. Ya ciro bayanan asusunsa na banki tun daga watan farko, domin su ne za su nuna lokacin da kuɗi ya daina shiga. A duba takardar izinin zamansa ma, saboda a ƙasashe da yawa tana rataye ne da wurin aiki, kuma gidan da yake ciki wataƙila na kulob ne. Ya kamata ku shirya inda zai sauka tun kafin ranar da zai soke kwantiragin. Fasfo ɗinsa kuma ya kasance a hannunsa.

Abu Sadik:

Barista, ranka ya daɗe, na ji bayaninka, amma cin shari'a daban, karɓar kuɗi daban. Kulob ɗin da ya kasa biyan wata 3 ta ina zai biya wata 14?

Barista mai shari'ar wasanni:

Malam Abu Sadik, tambayarka tana kan hanya, kuma ba zan ce kowane hukunci ne ke zama kuɗi ba. Sai dai FIFA tana da abin matsa lamba da kotun gari ba ta da shi. Bayan hukunci ana ba kulob kwana 45 ya biya, idan bai biya ba, ɗan wasa ya nema, sai a hana kulob ɗin yin rajistar sababbin 'yan wasa, har tsawon kasuwannin musaya 3 a jere, kuma ba a ɗage takunkumin kafin lokacin sai ya biya. Kulob ɗin da ke son ci gaba da gasa ba ya iya jure wannan. Ko ya sauya suna ya dawo da launin riga ɗaya da fili ɗaya da magoya baya ɗaya, ana iya ɗaukarsa magajin tsohon a ɗora masa bashin. Inda abin yake da wuya shi ne idan kulob ya durƙushe gaba ɗaya. Kulob yana iya ɗaukaka ƙara zuwa CAS, kotun wasanni da ke birnin Lozan na ƙasar Suwizalan tun 1984, cikin kwana 21 da samun cikakken hukunci, kuma hakan yana ja da lokaci.

Batun cewa kaka za ta wuce shi, ba sai an gama shari'a zai koma wasa ba. Da zarar ya soke kwantiragi bisa hujja yana iya sa hannu a wani kulob, shari'ar kuɗin tana tafiya a gefe. A da sabon kulob yakan shiga cikin biyan diyya kai tsaye idan aka samu ɗan wasa da laifin karya kwantiragi, amma bayan hukuncin da kotun Tarayyar Turai ta yanke a shari'ar tsohon ɗan wasan Faransa Lassana Diarra a watan Oktoban 2024, FIFA ta gyara sashe na 17 mai magana kan karya kwantiragi, sai an tabbatar sabon kulob ne ya zuga shi. Duk da haka kulob mai hankali yakan nemi ganin takardar gargaɗin kafin ya ɗauke shi.

Ni ba na ƙin sulhu, sau da yawa ma shi nake fifitawa. Abin da nake ƙi shi ne sulhun da ake yi da yaro shi kaɗai a ofis, da harshen da bai sani ba. Bayan takardar gargaɗi ta isa hannunsu, farashin sulhun kan tashi. A rubuta adadi da ranakun biya, a kuma sa sharaɗin cewa idan suka saɓa biya ɗaya duk ragowar ya zama wajibi nan take.

Barista mai shari'ar kasuwanci:

Ina so in tsaya kan yarjejeniyar hoton nan, domin nan ne kuɗi kan ɓace. Kamfanin shugaban kulob ba kulob ba ne, kuma ba ya ƙarƙashin FIFA, saboda haka abu na farko da lauyansu zai ce shi ne wannan ciniki ne tsakanin ɗan wasa da kamfani, ba ruwan kotun ƙwallo da shi. Ana iya karya wannan hujja idan aka nuna cewa albashi ne aka sauya wa suna: ranar da aka sa hannu ɗaya ce da ta kwantiragin, tsawon lokacin ɗaya ne, ana biya wata-wata, mutum ɗaya ne ya sa hannu a duka biyun, kuma ba a taɓa yin wata talla da hotonsa ba. Idan hakan bai tabbata ba, sai a koma shafin ƙarshe na yarjejeniyar a ga dokar wace ƙasa aka zaɓa, da kuma ko kotu aka ambata ko kwamitin sasanci. Hukuncin kwamitin sasanci yana da fa'ida guda, ana iya zartar da shi a ƙasashe fiye da 170 da suka shiga yarjejeniyar New York ta 1958, amma kuɗin shari'ar kan fi ƙarfin ƙaramin bashi. A duba irin wannan shafi a kwantiragin kulob ma, domin idan an rubuta a fili cewa kwamitin warware rigingimu na ƙasar ne zai saurari ƙara, kuma FIFA ta amince da shi, can za a tura ku.

Game da wakilin nan, ku tambaye shi kai tsaye wa ya biya shi lada a cinikin farko, wa kuma zai biya shi a na biyu. Wanda zai ci riba daga sa hannun bai dace ya zama mai ba da shawara a kansa ba. Lauyan da za ku ɗauka kuwa, ku tambaye shi ko ya taɓa gudanar da shari'a a gaban FIFA, ku kuma rubuta yadda za a biya shi tun kafin ya fara aiki.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na kira shi, ya ce bai sa hannu ba, kuma gobe zai je atisaye. Barista, ranka ya daɗe, tambaya ɗaya ta rage mini. Idan muka tura takardar suka biya wata ɗaya kawai don su rufe masa baki, hujjarsa ta faɗi ke nan?

Barista mai shari'ar wasanni:

'Yar'uwa, lafazin sashen yana cewa kulob ya sauke duk abin da ake bin sa a cikin wa'adin, saboda haka biyan wata ɗaya daga cikin 3 bai wanke su ba. Ya karɓi kuɗin ta banki, ya rubuta musu cewa ya karɓa a matsayin wani ɓangare na bashi kuma yana jiran ragowar, kada ya sa hannu a kowane rasit da ba a fassara masa ba. Idan kuwa suka biya kusan duka har ya rage ɗan kaɗan, kada ya soke kwantiragin sai lauya ya zauna ya yi lissafi, domin masu hukunci sukan duba girman abin da ya rage. Wajen ƙirga kwanakin kuma a fara daga washegarin ranar da aka tura takardar, a bar rana ta 15 ta ƙare cif, sannan a tura takardar sokewa. Wanda ya yi gaggawar kwana ɗaya ya ba lauyan kulob abin kamawa.