Labarina ya tsaya cak a babi na 11, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Alƙalamin Dare:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Ba darasi nake nema ba, abin da ya taɓa faruwa da ku nake son ji. Wata takwas ina kan wani labari, da na kai babi na 11 sai ya ƙi gaba ya ƙi baya. Na ba yayata, wadda ita ke fara karanta min rubutu, ta dawo min da shi ta ce, "Hausar ta yi daɗi, amma ko sau ɗaya gabana bai faɗi ba." Kwana biyu ina fushi da ita. Da na huce na sake dubawa, sai na ga gaskiyarta. Jarumata tana son zama likita, mahaifinta ya yarda, kuɗi sun samu, ta ci jarrabawa. Son da nake mata ne ya hana ni barin ko ƙaya ta soke ta. Ku yaya kuka yi?

Mai Tawada:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ni ciwona akasin naki ne. A littafina na farko babu babin da ba a yi mari ko haɗarin mota ko suma ba. Ina ganin na cika gwani. Wanda ya tace min rubutun ya zaunar da ni ya yi min tambaya uku: me yaron nan yake so, wa ya tare masa hanya, me zai rasa in bai samu ba? Biyun farko na amsa da ƙyar. Ta ukun na yi tsuru-tsuru. Ashe hayaniya na tara, domin duk faɗan da aka yi, washegari kowa yana nan yadda yake. Cikin faɗa 14 na goge 9, kamar ana cire min haƙori. Abin da ya ba ni mamaki, wurin da masu karatu suka fi yi min magana a kai babu ko ɗaga murya: uba da ɗa a cikin mota, ɗan ya san uban ya sayar da gidansu a ɓoye, uban ya san ya sani, suna ta hirar tayar da ta yi sanƙo.

Malamin Adabi:
Shekaru ina koyar da rubutun zube, kuma abin da na fi cin karo da shi wajen ɗalibai shi ne mugun da ba shi da dalili. Mugu ne kawai don marubuci yana bukatar mugu. Nakan sa su sake rubuta babi guda daga bakin shi mugun, da sharaɗin kada ya san cewa shi mugu ne. Wata ɗaliba ta zo min ranta a ɓace, wai na lalata mata labari, yanzu tausayin uwar da ta hana auren take ji. Na ce mata yau labarin ya fara.

Misalin da nake ba su tsoho ne, wasan Antigoni na Sofokilis, daga Girka ta ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Yarinya tana son binne ɗan'uwanta, sarki Kiriyon ya hana don mamacin ya yaƙi garinsu. Ita tana da hujja, shi ma yana da hujja. Masanin falsafa Bajamushe, Hegel, ya kafa ra'ayinsa a kan wannan wasan, cewa bala'in da ya fi taɓa zuciya shi ne gaskiya ta yi karo da gaskiya. Shi kuwa zanen dalan nan da ake koya wa kowa, labari ya hau ya kai ƙololuwa ya sauko, na Bajamushe Gustav Freytag ne a 1863, kuma wasan kwaikwayo mai kashi biyar ya yi wa shi. Kada ki matse littafinki dole sai ya shiga ciki.

'Yar Ƙoƙi:
Ni yara ne suka koya min. In ina ba su labari, da zarar Gizo ya ƙoshi sai su fara wasa da yatsu. In yana jin yunwa kuma ƙyuya ta hana shi aiki, ba mai motsi. Daga nan na lura da Dare Dubu da Ɗaya: babban rikicin ba a cikin labaran yake ba, yana wuyan Shaharzad, wadda in gari ya waye sarki bai ƙagu ya ji ci gaba ba, kashe ta za a yi. Sai na sa wa jarumina wa'adin kwana bakwai. Labarin da ya yi shekara yana jan ƙafa na gama shi cikin wata guda.

Shiru Ma Magana:
Ku yi min afuwa, ban yarda kowane labari sai da abokin gaba ba. Akwai tsarin da Japanawa ke kira kishotenketsu, asalinsa daga waƙoƙin Sin masu layi huɗu: a gabatar, a faɗaɗa, a kawo wani abu da ba a zata ba, sannan a haɗe su. Na gwada shi a gajeren labarin wani tsoho mai gyaran agogo. Ba wanda ya yi faɗa da kowa. A kashi na uku ne kawai mai karatu zai gane agogon da yake ta gyarawa na matarsa ne da ta rasu. A labari mai shafi biyar ya yi aiki. Da na gwada a dogon littafi kuwa, a shafi na 40 ni kaina na yi barci.

Malamin Adabi:
Ɗan'uwa, tsohon naka da mutuwa yake kokawa, ba ka dai ba ta suna ba ne.

Shiru Ma Magana:
Malam, wannan kuma sai mun zauna.

Alƙalamin Dare:
Na gode ƙwarai. Daren jiya na koma babi na 3. Mahaifin ya yarda kamar da, ban mai da shi mugu ba, amma kuɗin karatun yanzu su ne kuɗin da aka tara don aikin idon ƙaninta, kuma ita kaɗai ta ji lokacin da iyayen ke shawarar. Na rubuta shafi shida ban tashi ba. Na tura wa Yaya da asuba, har yanzu ba ta ce komai ba, sai dai na ga ta buɗe saƙon.