Ɗana yana kwance a makarantar kwana, babansa ya ce mu jira ranar ziyara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, daren jiya ban runtsa ba. Autana ne, shekararsa 12, watan jiya muka kai shi makarantar kwana, tafiyar awa 4 daga nan Kano. Bayan magariba ya kira ni da wayar malamin ɗakinsu, muryarsa can ƙasa-ƙasa, ya ce, "Umma, yau kwana uku ina zazzaɓi, ko shayi na sha sai ya dawo." Wai farasitamol kawai ake ba shi, ba a auna jininsa ba. Yaron da ko ƙaya ta soke shi ba ya faɗa, yau shi ne da roƙon waya. Babansa ya ce namiji ne, a bar shi ya saba, ranar ziyara saura mako 2. Ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya. In tafi ko in jira?

Wata ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, kada ki jira. Yanzu ƙarshen damina ne, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara, farasitamol kuwa zafin jiki kawai yake saukewa, ƙwayar cutar tana nan tana cin jini. Gwajin ba wuya, ɗigon jini ne a ɗan yatsa, cikin minti 20 an san abin da ake ciki. In shi ne, Coartem ake sha safe da yamma har kwana 3, da madara ko abinci mai maiƙo, kuma a shanye ko da ya ji sauƙi. Amma aman nan ne ya fi damuna. Wanda cikinsa ba ya riƙe komai, ƙwayar magani ba za ta zauna ba, allurar artesunate yake bukata a asibiti. Ki sake kiran malamin ki tambaya: fitsarinsa ya yi duhu? Idonsa ya yi rawaya? Yana sambatu ko jijjiga? Wuyansa ya sanƙare? Ko ɗaya aka gani, a kai shi asibiti yanzu, kada ma a jira isowarki.

Wani tsohon malamin kwana:
Hajiya, shekara 9 na yi ina riƙe da ɗakin yara. 'Yan aji ɗaya sukan ƙara wa ciwo gishiri saboda kewar gida, wannan gaskiya ne, amma kewa ba ta sa amai kwana uku. Ki nemi shugaban makarantar kai tsaye, cikin girmamawa, ki roƙi takardar izinin fita. Rashin lafiya ba ya jiran ranar ziyara.

Wata dattijuwa:
'Yata, kada ki yi jayayya da maigidan. Ki haɗa shi da yaron a waya, ya ji muryar da kunnensa. In aiki ya riƙe shi, ki nemi izini ki tafi da kawun yaron. Ki riƙa masa gidan sauro, na makaranta duk huji ne.

Wata uwa:
Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ina taya ki addu'a.

Mai tambaya:
Amin, na gode, Allah ya saka da alheri. Na yi yadda Mama ta ce. Da babansa ya ji yaron yana magana da ƙyar, shiru ya yi, sai ya tashi ya ɗauko makullin mota. Malamin ya ce fitsarin ya ɗan yi duhu, sun wuce da shi asibitin garin. Mun kama hanya, ku sa mu a addu'a.