Me mai takarar sherif a Amurka yake nufi da gyaran gidan yari?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Yayana da ke Amurka ya turo mini takardar yaƙin neman zaɓen wani mai neman kujerar sherif a gundumarsu, wanda ya yi alƙawarin ƙara sintiri da rage cunkoso a gidan yari. Shin jami'in tsaro ma takara yake yi, kuma me ya haɗa shi da fursunoni?

Malamin Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. A yawancin jihohin Amurka jama'ar gunduma ne ke zaɓen sherif, galibi na wa'adin shekara 4, kuma shi ke kula da gidan wakafin gundumar, da tsaron kotuna, da sintiri a yankunan da ba su da 'yan sandan gari. Mafi yawan waɗanda ke tsare a hannunsa ba a yanke musu hukunci ba. Wasu kuɗin beli kawai suka rasa, wasu kuwa taɓin hankali ko shaye-shaye ne ya kai su. Idan ya ambaci gyara, yakan nufi ƙarin gandirobobi da kula da lafiyar waɗannan mutane, sai dai kasafin kuɗinsa yana hannun majalisar gunduma, beli kuma alƙali ke yankewa.

Hajiyar Obalende:
Malam, wannan ita ce matsalar gidajen yarin Ikoyi da Kirikiri a Legas, inda masu jiran shari'a suka fi yawa. Dokar 2019 ta sauya sunan hukumar gidajen yari ta Najeriya zuwa hukumar gyaran hali, amma shugabanta naɗa shi ake yi daga Abuja, ba mu da ƙuri'ar da za mu hukunta shi da ita.

Malamin Idi-Araba:
Haka ne, Hajiya, amma zaɓen ma yana da illarsa, domin wasu 'yan takara sun fi samun ƙuri'a idan suka yi alƙawarin yawaita kame.